Ranar da Kwamfuta Ta Riƙe Muryar Yayana

Ni karatuna bai yi nisa ba ta kowane ɓangare. A allo na tsaya daidai inda bulala ta fara yawa. A boko na leƙa, na koyi haɗa baƙaƙen Turanci, na fito na kama tuƙin mota tsakanin Dutse da Ringim, har gwiwoyina suka ajiye aiki ba tare da sun shawarce ni ba. Ilimin gidanmu yayana ne ya kwashe shi kaf, ni ya bar mini surutu.

Shi ya gaji makarantar mahaifinmu a Ringim. Shekara da shekaru yana karantar da littattafai a zaure, ɗalibai suna ɗauka a kaset. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, harshen ya fara tafiya. Mutumin da ke yi wa gari bayani ya koma nuni da yatsa. 'Yata, wadda ke aikin jinya, ta tattara kasa-kasan ta sa aka juye su a filas guda, irin wanda ake sokawa a kwamfuta. Damina ta biyo baya ta gama da kasa-kasan a ɗakin da ke yoyo. Muryar Malam, yayan nawa, duk duniya ta rage a cikin wani ɗan abu da bai kai ɗan yatsana ba.

Wata safiya a gidanmu na unguwar Takur a Dutse ta soka mini filas ɗin a kwamfutarta don in saurara, ta yi shirin asibiti. A bakin ƙofa ta juyo.

"Baba, don Allah kada ka fizge shi. Ka danna nan, sai ta ba ka izini. In ka zare da ƙarfi abin ciki yana iya lalacewa."

Na ce, "Ni da na girmi wutar lantarkin garin nan, sai na nemi izini?"

Ta ce, "Sai ka nema."

Da hantsi matar Malam ta kira. Direba take ce mini tun tana amarya. Ta ce, "Direba, jikin yayanka ya matsa. Tun safe yake nuna rediyon nan mai cin filas, yana nuna bakinsa. Ka zo masa da karatunsa."

Na sa hula, na danna inda aka ce in danna. Kwamfuta ta fito da rubutu. Na haɗa baƙaƙen a hankali: wai wani yana amfani da filas, in rufe shi tukuna. Na duba ɗakin. Ni kaɗai ne, sai kaza a bakin ƙofa, ita kuwa na san halinta, ba ta da wannan wayon.

Ɗaukar kwamfutar gaba ɗaya ba zai yiwu ba, batirinta ya daɗe da rasuwa, da an cire waya daga bango take ɗaukewa. Na kira 'yata, waya a kashe, sun shiga ɗakin tiyata. Sai na aika wa taubashina, mutumin Haɗeja, wanda ya yi aikin buga tafireta a ofis har ya tsufa, yake kuma gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya fara taɓa kwamfuta a jihar nan.

Ya shigo yana gyara tabarau. "Bawana, me ka ɓata kuma?"

"Zauna, mai ƙarnin kifi. Ta ce wani ya riƙe, ta ƙi faɗin ko wane ne."

"Haka manya suke magana. Matsa."

Ya rufe abin da ke kunna sauti. Muka nemi izini, ta hana. Ya rufe tagar da ke nuna sunayen karatuttukan. Ta hana. Ya rufe wani hoton jariri da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta hana, da kalmomin nan dai, ko gajiya ba ta yi.

Na ce, "To mu kashe ta mana, mu zare."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kashe ta da filas a jiki? Daidai yake da ɗauke wuta. Ka taɓa aikin ofis?"

Ban taɓa ba, sai na bar masa.

Ya haɗa yatsu uku ya danna, sai ga jerin sunaye ya zubo, dogo kamar layin masu karɓar taki. Ya ce waɗannan su ne manhajojin da ke aiki a ɓoye, a cikinsu mai laifin yake. Ashe duk zaman da nake yi da akwatin nan ina zaton mu biyu ne, gari guda ne a ciki, kowa da sha'aninsa, ba wanda ya taɓa yi mini sallama.

Muka zauna shari'a. Shi alƙali, ni mai gabatar da ƙara. Duk sunan da ya yi mana kama da na maras gaskiya, sai ya kore shi. Wani in an kore shi ya tafi. Wani sai ya zagayo ya dawo ƙasan layi kamar ba shi ba. Guda kuwa da muka taɓa shi, duk 'yan hotunan da ke kan allon suka ɓace, taubashina ya yi salati a hankali har suka dawo don kansu.

Matar Malam ta sake kira bayan azahar. "Direba, kana hanya?"

Na ce, "Yanzun nan."

Na sa yatsu biyu a jikin filas ɗin. Ɗumi gare shi, 'yar fitilarsa tana ƙiftawa. Jan da ba zai fi na cire ƙaya ba. Amma in na ja ya lalace, me zan kai masa? In tsaya a gabansa in ce ga karatunka, a kunna, a ji shiru irin nasa? Na janye hannuna. Har addu'a na yi a ɗauke wuta, don a yanke hukuncin ba da hannuna ba. Ranar kuwa, a unguwar da wuta ke zuwa kamar baƙon kunya, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Taubashina ya daina tsokanata. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Yana ta bin layin da yatsa, leɓensa na motsi.

Kira na uku bayan la'asar ya zo, kuma ba ita ce ta kira ba, babban ɗan Malam ne. Na ce masa to, Allah ya jiƙansa, ga ni nan.

Muna zaune haka 'yata ta dawo. Ta ji labari, ta yi kukanta, sannan ta dubi kwamfutar. Ta kashe ta yadda ake kashewa, ta jira fitila ta mutu, ta zare filas ta miƙa mini. Taubashina ya cire tabarau ya sa a aljihu. Na tambaye ta wane ne ya riƙe. Ta ce wataƙila mai gadin da ke binciken ƙwayar cutar kwamfuta ne, wataƙila wani ne daban, ita ma ba kullum take ganewa ba.

Mun sami jana'iza da safe. Da na shiga cikin gida yin gaisuwa, matar Malam tana zaune a tsakiyar mata, rediyon yana kan taga. Na fito da filas ɗin na miƙa mata. Ta dube shi, ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Riƙe a wajenka, Direba. Shi ne mai son ji."