Muryar Tumpe Mai Ayaba

Duk motar da ta tsaya a Kiwira, muryar Tumpe ce take fara shiga ta taga. Da tallan ayaba ta raini 'ya'ya huɗu. Sai maƙoƙo ya fito mata, ya yi ta girma har yana tare mata numfashi.

Ranar da likita zai yi bayanin tiyata, surukinta ya zo asibiti. A wajensu matar ɗa ba ta zama ɗaki ɗaya da uban mijinta, ko sunansa ba ta faɗa. Tsoho na shigowa ta ja mayafi ta fice. Don haka ba ta ji likita yana cewa jijiyar murya tana manne da maƙoƙon ba, kuma na'urar da ke lura da ita lokacin yanka sai Dar es Salaam. Tsoho ya ce a yi a nan.

Ta farfaɗo da raɗa a maimakon murya. Aka ce muryar za ta dawo. Damina ta wuce, shiru. A bakin titi tana ɗaga ayaba, baki na motsi, fasinja na miƙa hannu wajen wasu.

"Yaya Tumpe, yau ma sirri kike gaya wa motar?" in ji maƙwabciyarta.

Ayaba ta riƙa ruɓewa a kwando, babbar 'yarta ta bar makaranta.

Sai daga baya ta samu labarin abin da likita ya gaya wa tsoho. A birnin Mbeya, wata lauya mai taimakon marasa ƙarfi, Atupele, ta saurare ta da kunne dab da bakinta.

"Mama, rashin na'urar kaɗai ba zai ci ƙara ba. Ko da akwai ta, jijiya tana iya taɓuwa. Amma wuyanki ne, ke ya kamata a gaya wa. Sai dai za a kira tsohon ya ba da shaida, ki tsaya gabansa ki faɗi wanda ya amsa a madadinki."

Mijinta Lusekelo, wanda ya rako ta, ya miƙe. "Babana a kotu? Maman Gwakisa, tashi mu tafi. Ai kina raye."

"Gobe kai za ka yi tallan?" ta ce. Sai da ya sunkuyo kafin ya ji.

"In kika yi wannan, kada ki dawo gidan."

Ya fita. Tumpe ta daɗe tana kallon ƙofa, hannunta a kan tabon wuyanta. Ba ta san inda za ta kwana ba. Ta jawo kujera kusa da lauya, ta ce a shigar da ƙarar.