Rumbun da Abdulbaƙi Ya Tsinta a Buɗe

Shekara tara ƙanena Abdulbaƙi yana tura wa mutane fina-finai a waya, a rumfarsa ta Gagarawa Tasha. Bara ya gano wani shafi a intanet, ba hoto ba talla, sai sunayen fina-finai reras, kamar wani ya manta rumbunsa a buɗe. Na ce, "Ka san wanda ya zuba su?" Ya ce, "Yaya, ina ruwana, tunda kyauta ne?"

Tsimin datarsa ne ya ja mana. Kullum mafi ƙanƙanta yake zaɓa a jerin. Fim na awa uku ya sauka cikin daƙiƙa biyar, shi kuwa har da murna. Ashe ba fim ba ne, manhajar ɓarayi ce. Ya tura wa surukata Inna Kande, ya danna mata amincewa da hannunsa. Kafin la'asar wayarta ta aika wa dangi saƙon wai tana asibiti rai a hannun Allah. Mota biyu suka taso daga Maigatari dubiya, suka tarar tana shanya kuɓewa.

Na isa rumfar ina huci. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "To fim ɗin fa, ya buɗe kuwa?"