Jadawalin Damina

Da hannuna na zana wancan jadawalin darussa. Na yi shi da rula da jan biro a kan farin kwali, na manna shi a bangon ɗakin malamai. Ina faɗin wannan tun farko ne don kada wani ya ɗauka daga ofis aka aiko mana da shi.

A lokacin, shekarata ta biyu ke nan ina koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke bakin garin Zuru, can inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Wasu ɗalibanmu 'yan cikin gari ne, amma mafi yawa daga ƙauyukan gindin duwatsu suke takowa. Ni haifaffen cikin gari ne. Na gama jami'a na dawo gida, sannan na shiga digiri na biyu a fannin shugabancin makarantu, ina zuwa karatu lokacin hutu. Jakata kullum cike take da takardun bincike kan yadda shugaba ke tafiyar da malamai, da abin da ke sa ɗalibi ya yi himma ko ya karaya. Ina karanta su da tsoro, kamar yadda nake yin komai, ina ja wa kowane layi zane don kada in fahimce shi ba daidai ba.

A cikin waɗannan takardu na yi ta cin karo da ra'ayin cewa darasi mai nauyi ya fi shiga da safe, kafin yara su gaji. A makarantarmu kuwa lissafi na manyan azuzuwa sai bayan an dawo tara, wato hutun karin kumallo, ake yin sa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana ta riga ta ɗaga. Abin ya yi ta damuna. Sati uku ina rubuta abin da zan faɗa kafin in ɗaga hannu a taron malamai.

Shugabarmu mace ce, 'yar barikin soja, mai gajeriyar magana. Kowa Mama yake ce mata, har malaman da suka girme ta. Ta ga hannuna ta ce, “Malam, muna ji.”

Na miƙe na ce wataƙila, in ba a ga laifi ba, mai yiwuwa a iya duba ko zai kyautu a gwada mayar da lissafi darasin farko, ko da na ɗan lokaci ne.

“Kana so a mayar ko ba ka so?” in ji ta.

“Ina so, Mama.”

“To haka za ka ce.”

Aka yi dariya. Ta juya wajen malamin lissafi, dattijon da ya fi kowa daɗewa a makarantar, wanda muke kira Baba. Shi ya zana tsohon jadawalin tun kafin in shiga sakandare. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, gwiwoyinsa sun fara ciwo, a ƙafa yake zuwa aiki don gidansa na bayan katangar makaranta.

Baba ya ce, “In dai akwai alli da allo, ko da asuba ne zan shiga. Amma Farfesa, ka tambayi damina?”

Farfesa yake ce mini in yana son tsokana. Na ɗauka wannan ma tsokana ce. Na yi murmushi, na ce binciken bai ware wani lokaci na shekara ba. Ya gyaɗa kai. Mama ta ce a gwada, ni in zana, ita ta sa hannu.

Zango biyu na farko abin ya yi kyau, wannan kam ba ni da shakka. Ajin Baba cike yake da ƙarfe takwas, yara idonsu biyu, sakamakon jarrabawa ya ɗan ɗaga. Na mayar da wannan gwaji ginshiƙin bincikena. Na tsara takarda ina ɗaukar sunayen masu halarta a kowane darasi, ba sau ɗaya a rana ba kamar rajistar aji. Malamin da ke duba aikina a jami'a ya karanta babin farko ya ce, “Wanga abu ya yi. Ka riƙe shi.” Na dawo Zuru ina jin kaina kamar wanda aka yi wa naɗi.

Sai zango na uku ya shigo, ruwa ya sauka.

A hankali kujerun baya suka fara zama babu kowa a darasin farko. Takardata ta nuna mini wannan a fili: sunayen da babu su da ƙarfe takwas, ga su nan da ƙarfe goma. Na duba na sake dubawa, sai na rubuta a gefen takardar cewa da alama ɗalibai sun fara guje wa lissafi, wataƙila saboda salon koyarwa. Har yau in na tuna wannan layi sai in ji kunya ta kama ni.

Ana cikin haka masu duba makarantu suka zo, mutum biyu, ba tare da sanarwa ba. Suka duba jadawali, suka zaɓi darasin farko, suka zauna a bayan ajin Baba. Wurin zama bai yi musu wuya ba. Sun same shi yana koyar da 'yan yara ƙalilan, sauran suna shigowa ɗaya-ɗaya har aka kaɗa ƙararrawa. Bayan sati biyu labari ya iso cewa an ba da shawarar a kawo matashin malami, shi kuma Baba a mayar da shi wata ƙaramar makaranta gaba da Wasagu. Hanyar sai da babur, kuma ba hanya ce da mutum ke son bi kullum ba a 'yan shekarun nan. Ga gwiwa, ga iyali a Zuru. Kowa ya san in takardar canjin ta fito, ajiye aiki zai yi, ya tafi da sunan malamin da yara suka guje wa.

Bai yi ƙorafi ba. Ya ci gaba da zuwa ƙarfe bakwai da rabi, ya goge allo da kansa.

A satin ne aikin tsaron ƙofa ya zagayo kaina, wato tare masu makara. Na tsaya da sanda a hannu, ba don ina dukan kowa ba. Wajen ƙarfe tara da rabi sai ga manyan samari na aji biyar sun taho a jere, su kusan goma, ƙafafu duk laka har gwiwa, kayan makaranta a cikin leda. Suka tsaya a famfon burtsatse na bakin ƙofa suka wanke jiki, suka sa farar riga, sannan suka nufo ni. Na tsayar da su, na tambayi babbansu, wani dogon saurayi mai faɗin kafaɗa, daga ina.

“Golmo, Malam.”

Na san golmo, duk ɗan Zuru ya san shi. Noman da saurayi ke yi ne a gonar iyayen yarinyar da yake nema, shekara bayan shekara, shi da ƙungiyar tsaransa, yau a gonar surukan wannan, gobe a ta wancan. Tun ina yaro nake ganin suna wucewa da garma a kafaɗa. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne ƙarfe nawa ake fita, ƙarfe nawa ake tashi.

Na ce, “Ba za a bari sai Asabar ba?”

“Ciyawa ba ta san Asabar ba, Malam. Mu ma don makaranta ne aka yarda mu tashi da hantsi. Waɗanda ba su boko suna can har yamma.”

“To yau ai ba gonar surukanka ba ce, ko?”

“In ban je na wani ba, ranar nawa ni kaɗai zan tsaya da garma, tsohon yana kallona daga gindin ɗorawa.”

Wani daga baya ya ce, “Malam ba ya neman aure, shi ya sa yake riga kowa zuwa.”

Suka fashe da dariya, ni ma na yi. Na tambaye su ko lissafi ne ba sa so. Dogon ya dube ni da mamaki.

“Lissafin Baba? Da can muna samun sa. Bana ne aka kai shi inda ba mu nan.”

Bayansu 'yan mata suka iso, waɗanda suka kai wa manoma abinci. Na buɗe ƙofa na bar kowa ya wuce. Na koma ɗakin malamai na ciro tsohon jadawalin daga bayan kabad. A darasin farko Baba ya zuba abubuwan da yaro zai iya kwafa daga littafin abokinsa. Lissafi da kimiyya duk suna bayan tara. Bai rubuta dalili a ko'ina ba, don a ganinsa ba abu ne da ke buƙatar rubutu ba.

Kwana biyu ina juya maganar. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin yin shiru. In na faɗa, babin da aka yaba ya rushe, kuma Mama ce ta sa hannu, ban san yadda za ta ɗauka ba. A rana ta uku na shiga ofishinta da takardun halarta, na shimfiɗa su a kan tebur, na fara da cewa akwai yiwuwar ba a fahimci wani ɓangare na lamarin ba.

Ta karanta a tsaye. Ta bi sunayen da yatsa daga darasin farko zuwa na huɗu.

“Kai ka zana, ni na sa hannu, shi kuma za a kai Wasagu,” in ji ta. “Ɗauko takardunka. Gobe za mu je. Amma ka ji ni da kyau, ɗana: wataƙilarka ka bar ta a gida.”

Washegari muka je ofishin masu duba makarantu. Babbansu ya karɓe mu da mutunci. Mama ta fara, ta ce kuskuren nata ne a matsayinta na shugaba, ta amince da canji ba ta tambayi wanda ya fi kowa sanin yaran ba. Sannan ta ce in yi bayani. Na miƙe.

“Ranka ya daɗe, mai yiwuwa...”

Mama ta yi gyaran murya.

“Ranka ya daɗe, ni na mayar da lissafi darasin farko. Yaran ba malamin suke guje wa ba. Suna gona. Ga sunayensu da ƙarfe takwas, ga su da ƙarfe goma sha ɗaya. Duk wanda aka sa a wannan darasi da damina, haka za ku same shi.”

Ban taɓa jin muryata haka ba. Mutumin ya daɗe yana duba takardun. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ya ce takardar canjin ba ta fita ba tukuna, zai riƙe ta, zai sake zuwa da kansa, mu kuma mu gyara abin da muka ɓata.

A hanyar dawowa Mama ta ce, “Lissafi ya koma bayan tara. To darasin farko fa? Dole wani ya tsaya a wurin.”

Ilimin zama ɗan ƙasa nake koyarwa. Na ce a sa nawa.

Babban mai duba makarantun ya zo ajin Baba bayan kwana goma, ƙarfe goma sha ɗaya. Sai da aka ɗauko masa kujera daga ɗakin malamai, don babu gurbi a ajin. Ina tsaye a bakin taga. Wasu samarin suna gyangyaɗi, ba zan ce ba sa yi ba, amma dogon nan shi ya fita allo ya warware tambayar, da sauran laka a bayan kunnensa. Takardar canjin ba ta taɓa fitowa ba. Baba ya cika shekarunsa biyu, muka yi masa walima a filin makaranta.

Na sake rubuta babin daga farko. Malamina a jami'a bai ji daɗi ba da farko, daga baya ya ce na biyun ya fi. Ban ce takardun da na karanta ƙarya suka yi ba. A zango biyu na rani har yanzu lissafi ne darasin farko a makarantarmu, kuma yana yin kyau. Kwali biyu ne dai yanzu a bangon, ɗaya na rani, ɗaya na damina.

Ranar da na manna na biyun, Baba ya tsaya a gabansa da tabarau a kan hanci, ya bi shi layi-layi. Ya ga sunan darasina a sahun farko, Litinin zuwa Juma'a.

“Farfesa, ka san kujeru za ka riƙa koyarwa?”

“Na sani, Baba.”

“To ka riƙa rubutu da manyan baƙaƙe, kuma kada ka goge allon. In sun zo sai su kwafa.”

Haka nake yi har yau. In ruwa ya sauka, ina shiga da ƙarfe takwas in koyar da waɗanda suka samu zuwa, in cika rabin allo, in ja layi a ƙarƙashinsa. Duk malamin da ya shigo bayana ya san wannan rabin ba a taɓa shi sai an dawo tara.