Igiyar Iyafis a Shingen Sojoji

Na shekara goma sha ɗaya ina koyar da karin waƙa a sakandare kafin na haɗu da kiɗan da ba shi da baiti ko ɗaya. Wani ɗan bautar ƙasa da muke zama tebur ɗaya a ofishin malamai ne ya bar mini memorin wayarsa, ranar da iyayensa suka matsa masa ya bar Gombe saboda tashin bama-bamai. Ya ce, "Malam, sunansa dubstep. Kada ka yanke hukunci sai ka ji sau uku."

A jin farko na zaci injin markaɗe ne ya shaƙe. A na uku na gano dabarar. Kiɗan yakan taso a hankali, ganguna su yi ta ƙara sauri kamar wanda aka biyo, sai ya ɗauke ɗif na ƙiftawar ido, sannan ya rufto da wani gurnani da ake ji har a haƙarƙari. Wannan ruftowar ce ta kama ni. Na haddace inda take zuwa a kowane kiɗa, ina ƙirga bugun da yatsa yadda nake yanka baiti a allo. Matata ta ce in aljanu suna da maƙera, to haka take ƙara.

Sai dai akwai batun mutunci. Malami mai furfura a gemu ba ya yawo a unguwar Arawa da iyafis, abin jin sauti na kunne, yana lilo a ƙirji. Don haka nakan zura igiyar ta ƙarƙashin riga ta ɓullo ta wuya, waya da fawa bank ɗin da nake cajinta da shi kuma suna aljihun ciki. A ganina wayo na yi.

A lokacin duk mai wuce shingen sojoji a ƙafa sai ya ɗaga hannu sama, mai babur kuma ya sauka ya tura. Wata Laraba bayan azahar ina dawowa daga makaranta, kaina a ƙasa, kiɗa ya cika kunnuwana, ban san an kafa sabon shinge a hanyarmu ba. An ce sau uku aka daka mini tsawa. Ni dai abin da na fara lura da shi, titi ya yi fayau, masu babura sun yar da su sun kwanta a kwata. Na ɗago kai. Ga soja a bayan buhunan yashi, bindigarsa ta saita ƙirjina, bakinsa yana motsi.

Na kai hannu wuya zan cire iyafis, sai na ga ya gyara tsayuwa. Na fasa. Na ɗaga hannuwa sama, na girgiza kai har na kunne ɗaya ya faɗo.

"Igiyar mene ne wannan? Me ke cikin riga?"

"Waya ce, yallaɓai. Kiɗa nake ji."

"Kiɗa? Da wannan gemun?"

Hujja ce mai ƙarfi.

Ya sa na yaye riga da yatsu biyu, na juya, tumbina a waje gaban iyayen ɗalibaina. Sannan ya matso ya ɗauki iyafis ɗin da ke lilo ya sa a kunnensa. Igiyar gajera ce, don haka bakin bindigar ya zauna a kan cikina. Ɗayan yana kunnena, abin da yake ji nake ji. Ganguna sun fara hawa. Na dubi hannunsa, yatsansa yana kan kunamar bindigar. Idanunsa na wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Saura bugu goma sha shida kafin ruftowar.

"Yallaɓai, don Allah ka ɗauke yatsanka daga kunama."

"Oda kake ba ni?"

"A'a. Wata ƙara ce za ta tashi yanzu."

Idanunsa suka buɗe. Nan na gane na faɗi maganar da ba a faɗa a garin nan. Saura takwas.

"A kunne kawai, wallahi a kunne. Ni ma ga shi ina ji."

Saura huɗu. Na fara kalmar shahada. Kiɗan ya ɗauke, kuma a cikin wannan ɗan shirun na ga yatsan ya miƙe ya bar kunamar ya kwanta a jikin ƙarfen bindigar.

Sai ya rufto.

Sojan ya zabura, bakin bindigar ya soki cikina har numfashina ya tsaya. Ya fizge iyafis ɗin ya yar, ya ja baya yana sosa kunne.

"Wannan ne kiɗa? Malam, ka je asibiti. Sauke rigarka ka wuce."

Na sauke, na wuce. Taku kamar goma na yi na tsaya. Na zauna a bakin kwalbati ina lalubar aljihu in kashe wayar, kiɗan kuwa yana ta yi a kunne ɗaya.