Ranar da Muryar Ƙanena Ta Ɗauke a Cikin Rijiya

Ƙanena mai haƙar rijiya ne, kuma tun yana ƙarami bakinsa ba ya hutawa da hamdala. Akwai ranar da akuya ta kifar wa matarsa da miya, shi kuwa ya washe baki ya ce, "Alhamdulillahi, tukunyar ba ta fashe ba!" Matar ta ɗauko ta wayam ta dire masa a gaba. "To bismilla, maigida, ga ta nan lafiya lau." Haka ya wuni yana hamma.

Amma a bakin aiki, surutun nan shi ne tsaronsa. Idan rami ya yi zurfi iskar ciki takan lalace, mutum ya sulale ba ko ihu. Shi ya sa Dogo, abokin aikinsa mai riƙe igiya a sama, kunne yake kasawa. Wasu mahaƙa waƙa suke yi. Ƙanena kuwa duk sara ɗaya sai "Na gode Allah!" har da dariya, kamar ana masa cakulkuli. Muddin ana jin sa, yana numfashi.

Ran nan a tsakar gidana yake haƙa. Ina shanya ina tsokanarsa: "Kai gafiya, ka iso ruwan, ko sai jikokina sun yi furfura?"

Bai rama ba. Shi da ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba.

Dogo ya leƙa ya kira shi. Shiru. Ya fizgo igiya, sai ta taho sakayau. Ashe ƙanena ya kwance ta daga ƙugu don tana takura masa. Da gudu na isa bakin ramin, ban ga komai ba sai duhu. Yaron da na goya a bayana, yana can ƙasa, a gidana, saboda ruwan da ni na matsa ina so.

Ihuna ya tara maƙwabta. Dogo ya jiƙa riga ya ɗaure hanci, maza suka zura shi. Igiya na kuka a jikin gungumen da aka gitta a bakin ramin, duk addu'ar da na sani ta gudu, sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Suka fito da ƙanena, kai na lilo, leɓɓa sun yi toka. Muka yi ta fifita, muna yayyafa masa ruwa. Can ya yi tari, ƙirji ya ɗaga. Ya buɗe ido yana murmushi, ya ce, "Alhamdulillahi."

Na duƙa a kansa. "Ɗan banza, ka kusa kashe ni! Mene ne abin murna a nan?"

"Yaya, ku na sama kullum kuna shan iska, ba ku san daɗinta ba. Ni yanzu na dawo daga inda babu ita. Ki bar ni in gode wa Mai ita. Kuma don Allah ki matsa, kin tare min."