Na Mutanen Yauri Ne

Har gobe ranar nan ba ta bar zuciyata ba, ranar da Kumandan ya zauna shari'a a zauren alƙalin Matameye, a farkon zamanin Faransawa. Ku da kuke aikin kotu yanzu ba ku tarar da irin aikina ba. Ni ce jakadiyar alƙali. Matar da ba ta fita gaban maza, ni ake aikawa bayan zana in ji ta bakinta, in kawo wa Malam. Aikin ba ya son hanzari. Sai an gaisa, an yi ta kewaye, kafin mace ta saki abin da ke ranta.

Gaskiya, shari'armu tana jan ƙafa. Akwai wanda ya yi damina biyu yana zarya a kan rijiya. Saboda haka da Kumandan ya ce a gama ƙararraki duka kafin la'asar, domin zai wuce Kurni, har ni na ce alhamdu lillahi.

Ƙara ta ƙarshe ta gadon gona ce a Dungu. Mai gonar ya rasu. Wani magidanci, Habu, ya zo ya ce shi ɗansa ne na fari, tun yaye aka kai shi riƙo wurin kakarsa a Yauri. Ƙanen mamacin, Tanko, ya ce bai san shi ba. Shaidun Habu kuwa sai washegari za su iso.

Malam ya ce wa tafinta, "Gaya wa Kumandan a ɗaga wannan zuwa gobe."

Tafinta ya juya maganar, ya dawo da amsa. "Ya ce uwar ba tana nan ba? A tambaye ta, magana ta ƙare."

Na shiga bayan zana wurin Gwaggo Hajo, matar mamacin. Ko gaisuwa ba mu gama ba gardi, wato dogarin Kumandan, ya fara buga zanar da bulala. "Ke jakadiya, aure kike ɗaurawa a ciki?"

Na ce, "Gwaggo, wancan mai baƙin rawani, ɗanki ne?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba 'yar nan. Wannan ai na mutanen Yauri ne."

Na san abin da take nufi. Kowace mace a ƙasar nan ta sani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cewa nata ne a bainar jama'a, kunya ce. Da ran nan irin sauran ranaku ne, da na zauna na tambaye ta wa ta goya shekarar da aka kai ta Dungu, wa aka yi wa suna. Amma gardi ya sake bugawa. Na fito, na maimaita maganarta yadda ta faɗa, ban ƙara ko kalma ba.

Kafin Malam ya buɗe baki tafinta ya riga ya mayar da ita Faransanci. Kumandan ya rubuta a babban littafi, ya buga hatimi. Gona ta zama ta Tanko.

Malam ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ba haka take nufi ba!"

Aka ce masa abin da ya shiga littafi ya shiga. An riga an ɗaura wa doki sirdi.

Habu ya tashi. Ya dubi zanar nan ya daɗe, ya ɗauki takalmansa ya fita. Daga baya muka ji ya yi kudu, ba a sake ganinsa ba.

Da zaure ya watse na gaya wa Gwaggo Hajo hukuncin. Ta fito ba mayafi, ta tsaya a bakin hanya tana kira, "Habu! Habu!" Ranar ta fara faɗin sunan a duniya, kuma ba ya kusa balle ya ji.

Na yi istigfari a kan wannan har ban san iyaka ba. Ban yi ƙarya ba, 'ya'yana, amma ban kai gaskiya ba. Jinkiri yana cutar mutane, na gani da idona. Sai dai in za ku yi sauri, ku yi shi a kan takarda da tafiya. In mutum ya buɗe baki, ku tsaya har ku ji abin da yake nufi.