Yadda Mu'azu Ya Bar Masaukin Alhaji Inuwa

Dattawan Tarauni sun san Mu'azu Mai Rumfa, wanda a zamaninsa da wuya a yi ɗaurin aure ko suna ko walima a unguwar ba a ga kujerunsa ba. Amma ba da rumfa ya fara ba.

Daga wani ƙauye a ƙasar Wudil ya shigo Kano yana saurayi, ya sami aiki a masaukin Alhaji Inuwa da ke Gyaɗi-Gyaɗi. A lokacin unguwar ba ta cika ba, bayan masaukin ma gonakin dawa ne. Direbobin manyan motoci da 'yan kasuwa ke kwana a wurin. Da shara da ɗiban ruwa ya fara, a hankali har makullai suka koma hannunsa. Alhaji kan leƙo da la'asar ya tambayi lafiya ya wuce, sauran duk Mu'azu ne.

A tsakiyar shekarun saba'in kuɗi suka shigo gari. Ma'aikatan gwamnati suka fara neman wurin liyafa, kamfanoni na neman inda za su yi taro. Mu'azu ya lura kusan kowane mako sai an zo an tambaya, an koma hannu sake. Ya ce wa Alhaji a gina zauren taro a filin baya.

Alhaji ya shafa gemu, sannan ya ce, "Shawara ce mai kyau, amma irin wannan aiki sai da ilimi. Akwai kwas na shekara guda a Kaduna, na harkar otal da shirya taro. Ka je, ni zan ɗauki nauyi. In ka dawo, wurin nan naka ne ka juya."

Mu'azu ya durƙusa ya yi godiya har idonsa ya kawo ruwa.

Ma'aikatan kuwa hankalinsu bai kwanta ba. Inna Ladi mai girki, wadda ta riga shi zuwa masaukin da shekaru, ta tare shi a bakin murhu ta ce, "Ɗan nan, in wurin ya zama na 'yan boko, mu da ba mu san bihim ba ina za mu?"

"Inna, muddin ina numfashi babu wanda zai bar nan," in ji shi. "Tare za mu koya." Haka ya faɗa wa Baba Lawan mai gadi, da sauran.

A Kaduna karatun ya shige shi sosai. Ya koyi yadda ake hango inda kasuwa ta dosa, da yadda ƙaramin masauki zai zaɓi abin da ya fi ƙwarewa a kai maimakon ya yi gasa da manya. Darasin da ya fi so shi ne na kawo sauyi a wurin aiki: a fara gaya wa mutane gaskiya, a ji tsoronsu, a koya musu, a tafi da su sannu a hankali. Duk sanda malamin ke bayani, fuskar Inna Ladi yake gani.

Da ya zo hutun sallah ya zauna da Alhaji a zaure ya zazzage masa komai: inda za a kafa zauren taron, inda za a mayar da kicin, irin mutanen da za a nema da yadda za a jawo su. Shehu, ɗan ƙanin Alhaji, yana gefe yana ta jefo tambayoyi, Mu'azu na amsawa da murna. Ya nanata cewa a jira shi kafin a taɓa ma'aikata. Alhaji ya ce, "Ai ba komai."

Ranar da ya dawo da takardar shaidarsa, bai gane wurin ba. Ga zauren nan tsaye da sabon fenti, daidai inda ya nuna. A bakin ƙofa wani baƙon mai gadi ya tambaye shi wa yake nema. A ofis ya tarar da Shehu, shi ne manaja. Cikin tsoffin ma'aikata ko ɗaya bai gani ba.

Bai ko ajiye jaka ba ya nufi Unguwa Uku gidan Inna Ladi. Ta amsa sallamarsa daga tsaye, ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"Malam Mu'azu, ashe ka dawo," ta ce. Ba ta taɓa kiransa Malam ba sai ranar. "Alhaji ya tara mu ya ce kai ka ce masa otal na zamani ba ya tafiya da jahilai. Ya ce shi bai so ba, amma kai ne mai ilimin."

Mu'azu ya rantse mata, ta ce Allah ya isa shaida, ta shige ɗaki.

Ya sami Alhaji bayan azahar a ƙofar gida. Ya ce, "Alhaji, wurin da ka ba Shehu, naka ne, ka ba wanda ka so. Amma me ya sa ka kore su da sunana?"

Alhaji bai ko musa ba. "Mutanen nan mun daɗe tare, ba zan iya kallon idonsu ba. Kai kuwa ba ka nan. Ka kwantar da hankalinka, ka zama mataimakin Shehu, yana buƙatar ka."

Mu'azu ya dubi mutumin da ya ɗauka uba. Sai ya sa takalmansa ya tafi.

Watanni ya yi yana bin gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yarda, wasu suka ce daɗin baki ne irin na 'yan boko. Baba Lawan ya riga ya koma ƙauye, ya rasu kafin Mu'azu ya kai gare shi, kuma wannan ya fi komai cin ransa. Inna Ladi sai da matar Shehu ta yi suɓul da baka a wani biki cewa Alhaji ne ya ƙaga maganar, sannan Inna ta aiko a kira shi.

Da ita ya fara sabuwar sana'a a Tarauni: tamfal guda, bencuna na aro, da tukwanenta. Tunda ba shi da zaure, sai ya riƙa kai taron ƙofar gidan mai shi. Sana'ar ta riƙe su, ta aurar da 'ya'yansa. Masaukin Alhaji ma ya bunƙasa, har aka ɗora masa bene, aka riƙa yabon hangen nesan Shehu.

Da Alhaji Inuwa ya rasu, Mu'azu ya je jana'iza. Ya tsaya a sahun ƙarshe, ya bi gawa har maƙabarta, ya zuba ƙasarsa. Da jama'a suka nufi gidan don gaisuwa, shi ya hau kekensa ya koma Tarauni.